Yarda da Kai da Darasin Kemistiri a Kudancin Kaduna

Duk ɗalibin da ke burin shiga Kwalejin Koyon Aikin Jinya da Ungozoma ta Kafanchan, ko tsangayar aikin gona ta Jami'ar Jihar Kaduna a reshenta na garin, dole ya bi ta kan kemistiri. Sai dai tun daga aji ɗaya na babbar sakandare yara da yawa ke yanke wa kansu hukunci cewa "kaina ba ya ja", su sauya ɓangare kafin su san darasin. Wannan hukunci yana cikin musabbaban faɗuwa, kuma a makaranta ake dasa shi, a can ne kuma za a iya tumɓuke shi.

A 1977 masanin halayyar ɗan'adam Albert Bandura ya bayyana cewa amannar mutum da iyawarsa a kan wani aiki takamaimai ita ke nuna ko zai fara shi, da irin jimirin da zai yi idan tafiya ta yi tsauri. Cikin hanyoyi huɗu da ya ce wannan amanna ke samuwa, mafi ƙarfi ita ce nasarar da mutum ya samu da hannunsa. Ta fi ganin tsara ya yi, ta kuma fi kalaman ƙarfafa gwiwa. Kemistiri ya fi yawancin darussa buƙatar haka. Alex Johnstone na Jami'ar Gilasgo ya nuna a 1982 cewa mai koyo yana fama da matakai uku a lokaci guda: abin da ido ke gani, ƙwayoyin zarra da ba a gani, da alamomin da ake rubutawa. Yaron da bai taɓa riƙe kwalbar awo yana ɗiga asid cikin alkali ba, har ya ga ɗigo ɗaya ya mai da ruwan rawaya ruwan lemo, alamomi kawai aka bar masa. Idan sai dab da jarrabawar WAEC ko NECO aka buɗe masa ɗakin gwaji, an yi kiwon akuya ranar kasuwa.

Wasu za su ce yarda da kai sakamakon ƙoƙari ce, ba sanadinsa ba. Akwai gaskiya a ciki, amma abin yana tafiya ta fuska biyu. Ɗalibai biyu masu shiri ɗaya za su haɗu da lissafin mol: mai yarda da kansa ya sake gwadawa bayan kuskuren farko, ɗayan ya bar gurbin fayau, don haka malami bai ga inda ya karkace ba balle ya gyara. Masu tsoron kada a haifar da cika baki ma suna da hujja, shi ya sa yabon banza ba magani ba ne. Ƙananan ayyuka masu hauhawar wahala, da gyara nan take, su ne magani.

Hujjar masu cewa babu kuɗin sayen kayan gwaji ita ce mafi rauni. Ruwan zoɓo yana ƙara ja idan aka matsa masa lemon tsami, ya rikiɗe zuwa kore a ruwan kanwa ko na toka, kuma duk ana samunsu a kasuwar Kafanchan. Masu horar da malamai a Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya da shugabannin makarantu su tabbatar kowane ɗan aji ɗaya ya yi gwaji da hannunsa tun zangon farko.