Tana Kan Gwiwa: Tarihin Doguwar Naƙuda Daga Zamanin Kakanninmu Zuwa Yau

A wannan fitowa za mu taɓo tarihin wani abu da ba a cika maganarsa a zaure ba, alhali kowa ta nan ya shigo duniya, wato naƙuda. Bahaushe kan ce mace "tana kan gwiwa", sa'annan in ta haihu a ce "ta sauka". Tsakanin hawa gwiwa da sauka kuwa akwai rai biyu a hannun Allah, kuma abin da mutanen gida suka yi a waɗannan sa'o'i yana da nasa rabo a cikin yadda za ta ƙare.

Lokacin da aka kafa unguwar Sabo a nan Badun a 1916, iyayenmu fataken goro da shanu sun zo Kurmi da al'adunsu cif. Mace takan haihu a ɗakinta, a durƙushe, sau da yawa ita kaɗai. Ungozoma ba ta cika shiga ba sai jariri ya faɗo, ta yanke cibiya, ta wanke shi, ta binne mabiyiya. Mai haihuwar fari kuwa kunya ke ɗaure mata baki: ba ta kuka, ba ta faɗin cewa ciwo ya kama. Tun ciki na da wata bakwai akan mayar da ita gaban iyayenta goyon ciki. Baba ta Karo, wadda wata Baturiya Mary Smith ta rubuta labarinta a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, ta ba da labarin irin waɗannan al'adu, ita ma kuwa ta taɓa aikin ungozoma.

To, mene ne ke faruwa a jikin mace a wannan lokaci? Mahaifa tsoka ce mai ƙarfi. In lokaci ya yi sai ta fara matsewa daga sama tana sakewa, da farko jefi-jefi, daga baya akai-akai. Wannan matsewa ita ce ciwon mara da na baya da mace ke ji. Aikinta shi ne ta buɗe bakin mahaifa, wanda ya yi wata tara a tsuke, har ya kai faɗin santimita 10. Nan ne aka fi daɗewa, ga mai haihuwar fari yakan ci awa 12 ko fiye. A cikin haka faya kan fashe. In baki ya gama buɗewa sai nishi ya zo da kansa, kan jariri ya sauko cikin ƙugu yana juyawa don ya dace da hanya. Ƙasusuwan kansa ba su gama haɗewa ba, shi ya sa muke ganin maɗiga na motsi, saboda haka sukan ɗan hau juna kan ya wuce. Bayan ya fito, mabiyiya kan biyo baya cikin rabin awa, mahaifa ta dunƙule ta yi tauri, ta toshe jijiyoyin jini. In ba ta dunƙule ba, jini ya ɓalle ke nan, kuma abin da ya kai rabin lita ya riga ya yi yawa.

Amma wani lokaci kai kan fi ƙarfin ƙugu, ko jariri ya zo a gicciye. Kakanninmu sun ga haka, sun kuma nemi dalili. Wasu suka ce zaƙi ne ya yi yawa, a ba ta jiƙo. Wasu suka ce gishiri ne ya tare hanya, sai a kira ungozoma ko wanzami a tsaga gaban mace da reza ko aska, shi ne yankan gishiri. Ba mugunta ce ta sa su ba, iyakar saninsu ke nan. Sai dai abin da ya tare hanyar ƙashi ne, ba fata ba, aska kuwa ba ta faɗaɗa ƙashi. Kan jariri ya yi kwana biyu ko uku yana danne mafitsara a jikin ƙashin mara, jini ya daina zuwa wurin, naman ya mutu. Yawanci jaririn ba ya rai. Bayan 'yan kwanaki mataccen naman ya zube ya bar huji, fitsari ya dinga zuba ba tsayawa. Wannan shi ne yoyon fitsari. Ga matar da ta yi haihuwa da yawa kuwa, mahaifar ce kan fashe.

Abin da ya kamata mu 'yan Sabo mu sani shi ne, a garin nan da muke zaune aka yi babban aiki wajen gane wannan matsala. Kafin a buɗe asibitin koyarwa na jami'a, wato UCH, a 1957, a asibitin Adeoyo likitocin jami'ar ke aiki. Farfesa John Lawson, wanda ya shugabanci sashen haihuwa na jami'ar Badun a shekarun 1950 da 1960, ya yi suna a kan doguwar naƙuda da ɗinkin yoyon fitsari. A 1967 shi da abokin aikinsa Stewart suka fitar da littafi a kan haihuwa a ƙasashe masu zafi, wanda likitoci suka daɗe suna karantawa.

Daga wannan makaranta ta Badun aka sami Farfesa Kelsey Harrison, mutumin Abonnema ta jihar Ribas, wanda ya koma Zariya da aiki. Daga 1976 zuwa 1979 shi da abokan aikinsa suka bi diddigin haihuwa 22,774, aka buga sakamakon a 1985. Sun gano cewa matan da ba su zuwa awo, sai an kawo su a galabaice, su ne suka fi mutuwa nesa ba kusa ba. Sun kuma gano cewa yarinya ƙarama mai ciki ba ta gama girma ba, in aka ba ta maganin ƙarin jini da na zazzaɓin cizon sauro takan ƙara tsawo tun cikin na jikinta. Wani likitan Zariya, Dakta Tahzib, ya duba mata 1,443 masu yoyon fitsari, a 1983 ya bayyana cewa fiye da 80 cikin 100 doguwar naƙuda ce ta jawo musu, wajen 13 cikin 100 kuwa yankan gishiri ne. Daga 1984 Dakta Kees Waaldijk, mutumin Holan, ya fara ɗinke irin waɗannan mata a asibitin Babbar Ruga da ke Katsina, dubbai suka warke suka koma cikin jama'a.

Ta ɓangaren zubar jini ma an ci gaba. A 2023 aka buga sakamakon wani bincike da aka yi a asibitoci 80 na Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta Kano na cikin jagororinsa. An riƙa shimfiɗa wata leda mai ma'auni a ƙarƙashin mai haihuwa don a san yawan jinin da ya zuba, da ya kai iyaka a haɗa magunguna gaba ɗaya. Mummunar zubar jini da abin da take jawowa suka ragu da kashi 60 cikin 100.

To jama'a, ina wannan tarihi ya bar mu? Allah ya zaunar da mu inda asibitin da ke iya fiɗa bai fi tafiyar 'yan mintoci ba. Amma sai ciki ya tsufa mu sa yarinya a mota a kai ta goyon ciki ƙauyen da in dare ya yi ko abin hawa babu. Mai haihuwar fari, wadda ba a taɓa gwada ƙugunta ba, ita ce muke nesantawa da likita. Goyon ciki al'ada ce mai kyau, yarinya na bukatar uwarta. Amma ai uwar na iya zuwa Sabo, ko kuwa a bari sai an sauka lafiya a tafi wankan jego.

Magidanta, a bar mata su je awo, a kuma ba da izinin zuwa asibiti tun kafin ranar, kada maigida na kasuwar shanu ko yana kan hanyar Ikko a zauna jiransa. A tanadi kuɗin mota da wanda zai ba da jini. Iyayenmu mata, ku gaya wa 'ya'yanku ba kunya a naƙuda, da ciwo ya kama su faɗa. In aka wuni aka shiga dare ba a sauka ba, ko jini ya ɓalle, ko jijjiga ta kama ta, ko hannu ko cibiya ya riga kai fitowa, ba sauran jiƙo ba sauran aska, sai asibiti. Addu'a kuwa a yi ta a kan hanya.

Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya abin da aka haifa, ya jiƙan iyayenmu da suka rasu a kan gwiwa. Amin.