Shaƙuwa da Muhalli da Lafiyar Ƙwaƙwalwa: Nazari a kan Gwagwalada

Lokacin da gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta ƙirƙiri Yankin Babban Birnin Tarayya a Fabrairun 1976, Gwagwalada gari ne na manoma a bakin kogin Usuma, inda Gbagyi da Bassa da Hausawa da Fulani ke zaune kusa da gonakinsu da makiyayarsu. Ta zama hedikwatar ƙaramar hukuma a 1984. Jami'ar Abuja, wadda aka kafa a 1988, a nan ta fara karantarwa, ga kuma asibitin ƙwararru da ya koma asibitin koyarwa na jami'ar. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar mutum kusan 158,000, kuma tun daga lokacin tsadar haya a cikin birni da rusau ba su daina turo jama'a ba. Gonakin doya sun koma fuloti, an sare ɗorawa da kaɗanya an kafa harsashi a gurbinsu. An saba lissafa wannan a matsayin asarar abinci ko inuwa ko kariya daga ambaliya. Abin da nake son kafawa a wannan maƙala shi ne, akwai wata asarar da ba a sa ta a lissafi, wato natsuwar mutanen da suka tashi da sanin wannan ƙasa, da ta 'ya'yansu da za su girma ba su san ta ba.

Binciken zamani a kan wannan batu ya ɗauki ƙarfi ne a 1984, lokacin da Roger Ulrich ya wallafa nazarinsa a mujallar Science. Ya duba takardun majinyata 46 da aka yi wa tiyatar matsarmama a wani asibiti a jihar Pennsylvania ta Amurka. Rabinsu tagar ɗakinsu na kallon bishiyoyi, sauran kuwa bangon bulo kawai suke gani. Masu kallon bishiyoyin sun riga sauran barin asibiti da kusan kwana ɗaya, kuma maganin kashe zafi mai ƙarfi da suka nema bai kai na sauran ba. A 1989 Rachel da Stephen Kaplan suka kawo bayanin dalili: hayaniyar gari tana tilasta wa mutum tattara hankali da ƙarfi har ya gaji, amma motsin ganye da gudun ruwa suna jan hankali a sannu, su bar ƙwaƙwalwa ta huta. Nazari mafi girma ya zo daga Denmark a 2019, inda Kristine Engemann da abokan aikinta suka bi tarihin mutum fiye da 900,000, suka haɗa shi da hotunan tauraron ɗan Adam na unguwannin da suka tashi. Waɗanda suka yi ƙuruciya a wuraren da suka fi ƙarancin tsirrai, haɗarin kamuwarsu da cutar ƙwaƙwalwa daga baya ya zarce na waɗanda suka tashi cikin kore da abin da ya kai kashi 55 cikin 100, ko bayan an cire tasirin arzikin iyaye da tarihin cutar a dangi.

Duk waɗannan sun shafi kusantar tsirrai ne. Masana halayyar ɗan Adam sun ware wani abu dabam, wato yadda mutum ke ji a ransa cewa shi ma ɓangare ne na halittun da ke kewaye da shi. Stephan Mayer da Cynthia Frantz sun tsara ma'aunin wannan ji mai tambayoyi 14 a 2004. Shekara goma bayan nan Colin Capaldi da abokansa suka tattara sakamakon rukunoni 30 da suka ƙunshi mutum sama da 8,500, suka ga cewa masu wannan shaƙuwa sun fi bayyana farin ciki da kuzari da gamsuwa da rayuwa. Dangantakar ƙarama ce, kusan 0.19 a ma'aunin da ƙololuwarsa 1 ce, kuma bai kamata a kambama ta ba. Haka nan irin wannan nazari ba ya iya tabbatar da wanne ne ya haifi wanne, don yana yiwuwa mai kwanciyar hankali ne ke samun sukunin lura da kukan tsuntsu tun farko. Amma ganin yadda sakamakon ke maimaita kansa a wurare dabam-dabam, da kuma gwaje-gwajen da aka raba mutane da ƙuri'a, wasu su yi tafiya cikin bishiyoyi wasu a gefen titi, ya isa a ɗauki maganar da muhimmanci.

Inda nake da ja shi ne wajen ɗauko wannan ilimi a dasa shi a Gwagwalada yadda yake. An daɗe da nuna cewa mafi yawan mutanen da ake gwadawa a binciken halayyar ɗan Adam daga ƙasashen Turai da Amurka suke, da dama ɗaliban jami'a. A wurinsu daji wurin hutu ne da ake zuwa ranar da babu aiki. Shi ya sa shawarar da ta fi yawo ita ce ta nazarin Mathew White na 2019 a Ingila, mai nuna cewa minti 120 a mako cikin tsirrai yana tafiya da ƙarin lafiya da walwala. Manomin doya a Dobi ko Ibwa yana cika minti 120 ɗin nan kafin hantsi. Matar da ke tsintar 'ya'yan kaɗanya da farkon damina, ta dafa ta shanya ta niƙa ta fitar da mai, ba yawon shan iska ta fita ba. Bafulatanin da ke kiwo a Paikon Kore ya san ciyawar da ke ƙara nono da wadda ke kumbura ciki, ya san inda ruwa ke saura idan rani ya tsananta. Shaƙuwar waɗannan mutane ta sana'a ce da gado da sanin sunaye, kuma tana ɗaure da mutuncinsu a cikin jama'a. Tambayoyin da aka tsara don ɗalibin jami'a a Amurka ba za su kama ta ba, kuma ina ganin tasirinta a kan natsuwa ya fi abin da adadi 0.19 ke nunawa, a alheri da kuma a akasinsa.

Na ce a akasinsa ne saboda wanda ya shaƙu da wuri shi ne ya fi jin zafin lalacewarsa. Glenn Albrecht, masanin falsafa ɗan Ostareliya, ya bayyana wannan ciwo a farkon shekarun 2000 bayan ya zauna da mazauna kwarin Hunter, inda haƙar kwal ta canza musu ƙasa: mutum yana gidansa bai yi hijira ba, amma yana fama da kewar garinsu, don garin da ya sani ya tafi. Tsofaffin 'yan ƙasa a Kutunku ko Gwako sun san wannan ba tare da sun karanta Albrecht ba. An biya mutum diyyar amfanin gona, ko ya sayar da filin da hannunsa saboda matsi, kuɗin sun ƙare cikin 'yan shekaru, ya wayi gari ba shi da inda zai nufa da fartanya bayan asuba. Kogin da ya koyi iyo a ciki ya cika da leda da dattin magudanai, an kwashi yashinsa, an yi gini har bakin gaɓarsa, sai ya zama abin tsoro duk damina, kamar yadda ambaliyar Yulin 2020 ta nuna a Giri da cikin Gwagwalada. Ga kuma satar mutane da ta sa a wasu ƙauyukan yankin ake ɗari-ɗarin gona mai nisa. Idan irin wannan dattijo ya zo asibiti yana kukan rashin barci da faɗuwar gaba da ciwon jiki marar dalili, za a auna hawan jininsa, amma da wuya a tambaye shi labarin gonarsa.

Mai suka zai ce wannan magana ce ta wanda ya ƙoshi, talauci ne ke hana barci, kuma mai neman ɗakin haya ya fi bukatar rufi a kan ɗorawa. Gaskiya ne, kuma babu bishiyar da ke maye gurbin magani ga mai tsananin ciwon damuwa ko taɓin hankali. Sai dai a nan talauci da rashin tsirrai tafiya ɗaya suke yi. Gwagwalada tana cikin sassan da suka fi zafi a yankin Abuja, kuma a Maris da Afrilu, idan wuta ta ɗauke, ɗakin kwano marar inuwa ba ya kwantuwa. Mai hali yana da janareto da na'urar sanyaya ɗaki, yana da motar zuwa Millennium Park da aka buɗe a Maitama a 2003. Ma'aikacin da ke barin gida kafin fitowar rana ya yi tafiyar kimanin kilomita 50 zuwa ofis, ya dawo bayan magariba, ba shi da wata korama ko inuwa sai wadda ke unguwarsu. In babu ita a nan, to babu ita a rayuwarsa. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ci gaba ce, amma likitocin wannan fanni a Najeriya 'yan ɗaruruwa ne ga mutum fiye da miliyan 200. Ƙasa mai wannan giɓi bai kamata ta yi sakaci da rigakafi mai araha ba.

Kuma muna da abin koyi a gida. A 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauye a Aro, kusa da Abeokuta, inda majinyata ke zama da danginsu a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibiti, suna karɓar magani suna kuma shiga harkokin yau da kullum. Manufarsa ita ce kada a yanke marar lafiya daga jama'a, amma jama'ar nan ta manoma ce, kuma rayuwar da aka mayar da shi cikinta ta ƙasa ce da fili. A jihar Maraɗi kuma, tun daga 1983, manoma suka rungumi sassabin zamani, wato barin kututturen da ke tsirowa a gona a yi masa aski har ya zama bishiya, dabarar da Tony Rinaudo ya yaɗa. An ƙiyasta cewa ta farfaɗo da hekta miliyan 5 a Nijar. Abin da ya sa ta kama shi ne manomi ya tabbata bishiyar tasa ce. Addini ma ya riga ya share fage, tunda kowane almajiri ya san dashen itacen da mutum ko tsuntsu zai ci sadaka ne.

Saboda haka lambun shaƙatawa mai shinge da kuɗin shiga ba shi ne babban abin da Gwagwalada ke bukata ba. Tana bukatar a hana gini a gaɓar Usuma, a bar fadamarta ga masu noman rani. A sa sharaɗi a takardar izinin gini cewa ba za a sare tsohuwar ɗorawa ko kaɗanya ba sai da dalili, don mai dasa sabuwa zai jira shekaru kafin ya ga kalwa. A bar wa makarantun firamare filin da yara za su shuka, su raina, su san sunan abin da suka shuka da harshen iyayensu. Jami'ar Abuja da asibitin koyarwarta suna zaune a tsakiyar wannan sauyi, kuma su ne suka fi cancantar auna shi. Mazaɓun Dobi da Ibwa har yanzu na manoma ne, Kutunku da tsakiyar gari sun cika da gini, duk a ƙaramar hukuma ɗaya. Ana iya tsara tambayoyi da Gbagyi da Bassa da Hausa da Fulfulde, a tambayi mutum ko yana da gona, ko ya rasa ta, yaushe kuma ta wace hanya, bishiyoyi nawa zai iya ambata, yadda barcinsa yake, sannan a koma wa mutanen nan bayan shekara biyar, lokacin da fuloti suka ƙara matsawa cikin ƙauyukansu.