Matamura: Rumbun Ƙarƙashin Ƙasa a Bakin Shuɗin Nilu

Bayan yaƙin Burmi na shekarar 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira gabas tare da jama'arsa, har suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Shuɗin Nilu, kudu da garin Sinnar. Da aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, noman auduga na yankin Jazira ya jawo ƙarin Hausawa da Fulani, ƙauyukansu suka yawaita. Ƙasar da suka tarar baƙar laka ce irin wadda ake kira firgi a Borno, wadda take kumbura idan ta sha ruwa, ta kuma dare da rani har hannun mutum ya shige cikin tsagar, saboda haka duk abin da aka gina a kanta ko a cikinta sai an yi masa dabarar ruwa.

A ƙasar Hausa ana ɗora rumbu bisa duwatsu don a raba hatsi da danshi, amma manoman wannan fili sun daɗe suna yin akasin haka, suna binne dawarsu a matamura, wato ramin ajiya da ake haƙawa a ƙasa. Hikimar abin ita ce, idan aka rufe ramin ruf, iskar da ke ciki takan ƙare, ƙwarin da suka shiga tare da hatsin su mutu, dawa ta shekara ba ta lalace ba, wuta da ɓarawo kuma ba sa samunta da sauƙi.

Aikin duka yana ga bangon ramin da murfinsa. Akan zaɓi tudu, nesa da kwari da hanyar ruwa, a haƙa da rani, a bar rana ta busar da cikinsa, sannan a shimfiɗa ƙaiƙayi a ƙasa, a riƙa cusa shi tsakanin hatsi da bango yayin da ake zubawa, domin ƙaiƙayin ne yake tare danshin da laka ke fitarwa kafin ya kai ga ƙwaya. Daga sama kuma a tula ƙasa ta yi tozo, faɗinta ya zarce bakin ramin, yadda ruwan damina, wanda ya fi ƙarfi daga Yuli zuwa Satumba, zai gangare gefe maimakon ya kwanta. Babban haɗari shi ne ruwan farko, lokacin da tsagogin rani ba su haɗe ba, domin tsaga guda takan kai ruwa har gindin rami, dawa ta yi fumfuna.

Masu bincike da suka yi aiki da manoman yankin Sinnar a ƙarshen ƙarni na 20 sun tabbatar da abin da manoman suka riga suka gano, cewa rami marar zurfi sosai, mai ƙaiƙayi da faffaɗan murfi, ya fi kare hatsi. Wannan ilimi ya cancanci a rubuta shi, ganin yadda buhu da sito suka rage masu haƙa matamura.