Ƙaramin Jirgin Kuza da Darasinsa

Jama'a, a shekarar 1914 aka kammala siririyar hanyar dogo daga Zariya zuwa Bukuru, faɗinta ƙafa 2 da inci 6, domin kwaso kuzar Jos. Da babban layi ya iso Jos ta Kafanchan a 1927, sai kasuwarta ta ja da baya, har aka rufe ta a 1957. An tumɓuke ƙarafunta, amma an adana kan jirginta da taragu a gidan kayan tarihi na Jos, su ne shaidar da ta rage. To, a nan Jigawa, layin Kano zuwa Nguru na 1930, wanda ya kwashi gyaɗar Ringim da Malam Madori, wa zai adana tsofaffin kayansa? Ƙarfen da ba a killace ba, 'yan gwangwan ne magadansa.