Tarihin gida a bakin magina

Ya kai mai karatu, in ka tashi yin gida yau, magini zai jero maka kalmomi: tubali, azara, bulo, tol, robine, kafin alƙalami. Wasu gadon kakanni ne, wasu baƙi ne. Kowace kalma da lokacin da ta shigo ƙasarmu, da hanyar da ta biyo. Wanda ya san su ya san tarihin garinshi, kuma da wuya a cuce shi wajen ciniki. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Zamanin ƙasa da itace

Kafin zuwan Nasara, abin da ƙasa ta ba mutane da shi suke gini. A karkara, manomi ya kan gina kago, ya ɗaura tsaiko da itace, ya baibaye shi da shibci, ya kewaye gida da darni na kara. A birni kuwa, ana haƙo ƙasa, a kwaɓa ta da ruwa da ciyawa, a bar ta kwanaki ta jiƙa. Sa'an nan a dunƙula ta da hannu, gindi da faɗi, kai da tsini, a shanya a rana. Wannan shi ne tubali. Kududdufan da kake gani cikin tsofaffin garuruwanmu, da yawansu ramin da anka ɗebi ƙasar gini ne.

Babbar wahala ita ce rufi. Ana tsaga giginya a tsaye, abin da ya fito shi ne azara. Tana da ƙarfi, gara ba ta cinta da sauƙi. Amma in faɗin ɗaki ya wuce kamar mita 2, azara guda ba ta iya ɗaukar nauyin ƙasar da ke bisanta. To, yaya anka rufe manyan zauruka? Magina sunka ƙago baka: su jera gajerun azara, kowace ta ɗan zarce ta ƙarƙashinta, su rufe su da ƙasa, har gefe biyu su haɗu a sama. In bakuna sunka gitta juna a tsakiyar rufi, ana kiran shi ɗaurin guga. Da wannan dabara Muhammadu Durugu, wanda ake kira Babban Gwani, ya rufe masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. Cikin ƙarnin nan ne kuma Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya yi mulki daga 1851 zuwa 1884, ya ƙarfafa ganuwar Birni.

Abokin gabar ginin ƙasa ruwa ne, kuma magabata sun san haka. Indararo shi ke fidda ruwa daga bisa soro, ya zubar da shi nesa da bango. Rariya ita ke fidda ruwan tsakar gida zuwa waje. Makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, ana yaɓa ta don kada bango ya sha ruwa. Mai hali ya kan sa laso, wanda ake haɗawa da katsi na marina, da gashin jima, da dafara. Dubi yadda sana'o'i sunka riƙe juna: marini da majemi duka suna da hannu a bangon gida. Kowace shekara kuma, kafin damina, sai an sake yaɓe.

Batun biya fa? Talaka ya kan kira gayya, maƙwabta su zo su kama mashi, ya ba su fura da tuwo. Mai kuɗi ya yi jinga da magini, ya biya da wuri. Magina na da shugabansu, Sarkin Magina, shi ke raba aiki, shi ke raba gardama.

Hanyoyi biyu na baƙin kalmomi

Faransawa sun kama Damagaram a 1899. Daga 1911 garin ya zama babban birnin ƙasa, har 1926 da anka maida mulki Yamai. Sun zo da irin gininsu da kalmominsu. Daga bakinsu munka samu tol, da beto, da tiyo, da robine. A kudu kuma, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Fatake sunka riƙa ɗauko kaya daga can zuwa Maraɗi da Damagaram, kayan sunka zo da sunayensu na Ingilishi: bulo, birkila, kafinta, fenti. Shi ya sa abu guda ke da suna biyu a kasuwanninmu. Abin da wani ya kira tol, wani ya ce kwano. 

Nasara bai tsaya ga kayan gini ba, ya kawo takarda. Da can, fili na hannun sarki da mai unguwa, shaida kuma bakin dattawa. A 1932 Faransa ta yi doka kan rajistar filaye a ƙasashen da take mulka a Afirka ta yamma. A 1945 ambaliyar Gulbi ta cinye tsohon garin Maraɗi. Anka tashi mutane zuwa tudu, anka ja tituna miƙaƙƙu, anka yanka filaye murabba'i. Tun daga irin wannan lokaci, mai gida a birni ya fara bukatar abin da kakanshi bai sani ba: takardar fili.

Bayan mulkin kai

Mun samu ƴancin kai a 1960. Cikin shekarun 1960 anka kafa masana'antar siminti a Malbaza. Famfo ya yawaita cikin birane, ko da yake ƴan ga-ruwa ba su rasa aiki ba. Banki ma ya shigo harkar gida. Tun ƙarshen shekarun 1950 an kafa Crédit du Niger don ba da rancen gini, amma masu albashi ne sunka fi morarshi. A 2018 anka buɗe Banque de l'Habitat du Niger. Sauran jama'a kuwa, da adashi da kuɗin kaka suke gini, ɗaki ɗaya bana, ɗaki ɗaya baɗi.

Nan ne ya kamata ka buɗe ido. Kafin alƙalami shi ne kuɗin da ka ba da kafin a fara aiki; kada ka ba da shi sai an rubuta. Jingina ita ce ka aje takardar gida ko gona hannun mai ba ka rance. In ka kasa biya, gidan na iya kuɓuce maka. Ruwa shi ne ƙarin da ke hawa kan bashi. In ka ranci jika 100 da ruwa 10 bisa 100 a shekara, ƙarshen shekara jika 110 ake binka. Ka tuna kuma, kayan waje farashinsu ba a hannunmu yake ba. A watan Janairu na 1994 anka karya darajar sefa: faran guda na Faransa da ake saye dala 10 ya koma dala 20. Tol da ƙarfe da tiyo duka sunka yi tsada.

Shin tsofaffin kalmomi sun mutu ke nan? A'a. A Yama, cikin jihar Tawa, magini Falke Barmu ya gina masallacin Juma'a da ƙasa a 1962, daga baya ya ƙara mashi bakuna da hasumiyoyi 4. A 1986 ginin ya samu kyautar Aga Khan, wadda ake ba gine-gine fitattu na duniyar Musulmi. Amma ga wani labarin: a watan Satumba na 2024, ruwa mai yawa ya rushe tsohon masallacin Birni na Damagaram, wanda ya tsaya tun tsakiyar ƙarni na 19. Ginin ƙasa na iya kai shekara fiye da 150, amma bai daina tsoron ruwa ba.

Saboda haka, ɗan'uwa, kafin hadari ya taso, hau soronka ka duba indararo, ka buɗe rariya, ka sake yaɓe. In akwai tsohon magini a unguwarku, tambaye shi yadda ake haɗa laso, ka rubuta, ka kawo ajin yaƙi da jahilci a karanta ma kowa. In kuma an miƙo maka takardar rance, kada ka dangwala yatsa sai ka karanta ta da kanka. Allah shi ba mu damina mai albarka.