Dalar Gyaɗa: Mun Sayar Wa Duniya, Me Ya Rage A Hannunmu?

Yau tarihi za mu taɓa, kuma daga gidanmu zan fara.

Kakana, Allah ya jiƙansa, ɗan dako ne a filin dalar gyaɗa na Ƙofar Mazugal a Kano. Yakan ce mana da kansa ya hau dala da buhu a ka. Ina yaro abin alfahari ne a wurina. Sai da na shiga jami'a na fara tambayar kaina: gyaɗar nan da aka tara kamar dutse, ina kuɗinta suka tafi, har mutumin da ya ɗauke ta ya rasu a gidan haya?

Mu koma baya kaɗan. Kano ba baƙuwar kasuwar duniya ba ce. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya zo a 1851, ya tarar ana saƙa tufafi, a rina, a kai su har Timbuktu da Tarabulus. Fatar da aka jeme a ƙasar Hausa tana ƙetare Sahara, Turawa su saya da sunan fatar Maroko. Ku lura, abin da muka sarrafa muke sayarwa a lokacin.

A 1911 layin dogo ya iso Kano. Turawan Ingila auduga suke so don masaƙunsu, amma manomi ya yi lissafinsa ya ga gyaɗa ta fi: ta fi kuɗi, ga harajin da dole a biya da tsaba, kuma in kasuwa ta faɗi ana iya cinta. A Turai kuma masana'antun sabulu da na man shafa wa burodi suna neman mai ido rufe. Fatake irin su Alhassan Dantata, wanda ya fara da fataucin goro a Gwanja, suka zama dillalan kamfanonin Turawa. Buhu ya yi yawa, jirgin ƙasa ya kasa kwashewa, sai aka riƙa jera shi dala-dala. Wato ita kanta dalar, kaya ne ke jiran mota.

Gaskiya ciniki ya kawo alheri. Kuɗi sun shiga ƙauye, garuruwa irin su Malam Madori da Nguru suka bunƙasa a bakin layin dogo. A shekarun 1960 Najeriya na sahun gaba a duniya wajen fitar da gyaɗa. Amma ga inda gizo ke saƙar. Daga 1949 aka kafa hukumar cinikin gyaɗa, a 1954 ta koma hannun gwamnatin Jihar Arewa. Ita ke yanka farashi, ta saya a hannun manomi ƙasa da kuɗin kasuwar duniya, ta riƙe rarar. Da rarar an yi ayyuka, ba na musu. Sai dai manomi ne ya biya, kuma mafi yawan gyaɗar ɗanya take fita. Matsewa da sarrafawa, inda riba mai tsoka take, can Turai ake yi.

Sai masifu suka zo a jere. Fari a 1972 zuwa 1974, cutar gyaɗa a 1975, ga kuɗin man fetur sun ɗauke hankalin gwamnati daga gona. Kafin a ankara dala ta ɓace. A 1986, zamanin SAP, aka rushe hukumomin cinikin amfanin gona gaba ɗaya.

To me ya sa nake tono wannan? Saboda yau ma abin da muke yi ke nan. Riɗinmu na tafiya Japan da Turkiyya, zoɓonmu na tafiya Meziko, citta na fita buhu-buhu, yawanci ɗanye. Wani ya matse, ya zuba a kwalba, ya ci ribar. Mu kuma muna murna an cika tirela.

Ni ban ce a rufe iyaka a daina ciniki ba. Koriya ta Kudu da ciniki ta fita daga talauci, amma ta tashi daga sayar da ɗanyen kaya ta koma tufafi, sannan jiragen ruwa da motoci. Kuma tun 2021 aka buɗe kasuwar bai-ɗaya ta Afirka. Tambayar ita ce, me za mu kai?

Iyayenmu mata da ke matse mai su soya ƙuli-ƙuli sun riga mu gane wannan karatu. Abin da suka rasa wuta ce, da jari, da inji. Don haka duk ɗan siyasar da ya zo ya ce zai dawo mana da dalar gyaɗa, ku tambaye shi injin matsewa nawa zai kafa, kuma nawa manomi zai samu a buhu.

Ku faɗa mini abin da ake nomawa a garinku da inda ake kai shi. Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.