Tarihin Kiwon Kifin Sol da Matsalar Namijin da Aka Haifa a Tanki

A cikin kifayen teku akwai dangin da ke kwanciya a kan yashi da gefe ɗaya, idanunsu biyu suna kallon sama. Ana ƙyanƙyashe su da ido ɗaya a kowane gefe, kamar sauran kifaye. Bayan wasu kwanaki ko makonni sai ido ɗaya ya ƙaura zuwa ɗaya gefen, jiki ya shimfiɗe, kifin ya sauka ƙasa. Sol da tarbot na cikin wannan dangi, kuma tsadar namansu a Turai ce ta sa aka daɗe ana neman hanyar kiwonsu.

Babban mataki ya zo ne a farkon shekarun 1960, lokacin da masanin Birtaniya James Shelbourne ya raini dubban 'ya'yan wani kifi na wannan dangi har suka wuce ƙaurar ido, yana ciyar da su da ƙananan halittun ruwan gishiri masu suna Artemiya. A shekarun 1970 aka fara kiwon tarbot a Sikotlan, daga nan sana'ar ta kafu a yankin Galisiya na Sifen. A 1992 masanin Sin Lei Jilin ya shigar da shi ƙasarsa, wadda daga baya ta zarce kowa wajen samar da shi. Tarbot ba ya barbara da kansa a tanki, amma an shawo kan hakan: ana tatso ƙwan mace da maniyyin namiji da hannu, a haɗa su.

Kifin sol na Senegal, wanda aka soma gwajin kiwonsa a Sifen da Fotugal a shekarun 1980, ya zo da wata matsala dabam. Waɗanda aka kamo daga teku sukan hayayyafa a tanki, amma 'ya'yansu da suka girma a gona sai su zuba ƙwai marasa ƙyanƙyashewa. Da masu bincike a Sifen suka ɗauki bidiyon tankunan da dare, sai suka ga yadda abin yake. Namijin teku yakan ɗora kansa a jikin mace, ya kutsa ƙarƙashinta, su yi iyo tare zuwa saman ruwa, su saki ƙwai da maniyyi a lokaci guda. Namijin gona ba ya kammala wannan zawarci, alhali macen gona takan ba da ƙwai masu rai idan aka haɗa ta da namijin teku.

Tatsa da hannu ma ba ta zo da sauƙi ba, domin maniyyin sol ɗan digo ne ƙwarai. Masu ƙyanƙyasar tarwada a Nijeriya sun san irin wannan wahala, tunda sai sun yi wa mace allura, sun kuma yanka namiji kafin su sami maniyyinsa.

Illar ita ce gonakin sol sun daɗe suna dogara da iyayen da aka kamo daga teku. Wanda kuwa bai mallaki haihuwar dabbarsa ba, ba zai iya zaɓen iri mai saurin girma ko jure cuta ba. Shi ya sa bincike ya karkata ga allurar sinadaran haihuwa da haɗa ƙwai da maniyyi a wajen jiki, tare da neman abin da rayuwar tanki ke rage wa namiji tun yana ƙarami.